Daga Shida Zuwa Sifili

A layin shagunan da ke bayan tasha akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya. Kada ku tambaye ni makarantar da ta ba shi wannan suna, don ba a gina ta ba tukuna. Fanka ce ta ba shi. Wata rana fankar mai aski ta tsaya, mutumin ya naɗe hannun riga ya kwance ta, ya mayar, ya rage noti uku a tafin hannunsa ya ce dama na ado ne kamfani ya sa. Fanka ta tashi kam, sai dai tun daga ranar baya take hura iska, bango yana shan sanyi, masu aski suna shan gumi. Mai aski ya dube shi ya ce, "Sannu, Injiniya," da irin muryar da ko kurma ya san ba ta yabo ba ce. Shi kuwa ya ɗauki sunan ya rataya a wuya, ya bar muryar a wurin.

Sana'arsa ta gaskiya sayar da caja ce da rigar waya. Amma in ka kuskura ka zauna a bencinsa, kafin ka tashi sai ka ji cewa sau biyu masu ƙera jirgin sama suna aiko masa, yana ƙi saboda ba ya son nisa da iyali.

Matarsa nas ce a wani ƙaramin asibiti, kowa Nas yake ce mata, har shi. Mahaifinta kuwa, Baba Malam, tsohon malamin lissafi ne da ya yi shekara talatin da biyar yana shaƙar alli. Da ya ajiye aiki sai ya zauna rubuta littafin koyar da yara lissafi. Shekara bakwai ya yi yana bugawa da yatsa biyu a kan wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, har ya haɗa babi goma sha biyu. Bai rubuta ko layi ɗaya a takarda ba, don hannunsa yana rawa, idonsa kuma ya fara hazo. Duk duniya babu inda littafin nan yake sai cikin kwamfutar, kuma ranar Asabar mai ɗab'i zai zo ya karɓa.

Ranar Talata da safe wani jan rubutu ya fito a fuskar kwamfutar. Nas ta ɗauko ta a hanyarta ta zuwa aiki, ta wuce shagon mijinta kamar ba ta gan shi ba, ta shige na Mai Gyara, ƙofa ta uku daga nasa. Mai Gyara yarinya ce 'yar shiru-shiru da ta yi karatun abin, kuma babban laifinta a wurin Injiniya shi ne duk abin da ta gyara yana aiki.

Ta duba ta ce, "Anti, kwamfutar lafiyarta ƙalau. Ma'ajiyarta ce ta tsufa, wannan 'yar abar da muke kira SSD, inda duk rubutun Baba yake kwance. Kamar takarda take da ake rubutu da fensir ana gogewa, kowane rubutu yana cin ta kaɗan har wata rana ta huje. Kin ga lambar nan? Shida cikin ɗari ya rage na ƙarfinta. A kwashe littafin yau, a sa sabuwa. Kafin nan kuma kada a yi ta loda mata kaya."

"Shida cikin ɗari?"

Injiniya ne tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Ni wayata in ta kai shida sai mu yi hira da ita har la'asar. Caji ne kawai ya sauka, ƙanwata."

"Ba batir ba ce, Yallaɓai. Wannan lambar ba ta hawa."

"A hannunki ba ta hawa."

"A hannun kowa."

"Kin gama da kowa ne? Yaushe kika zo nawa?" Ya juya wurin matarsa. "Haba Nas! Kayan surukina a hannun bare, ina raye? Su ai abin da suka iya ke nan, a cire a sa sabuwa. Da haka likitocinku suke yi da yanzu babu tsoho ko ɗaya a gari."

Mai Gyara ta ce, "To bari dai in kwashe littafin, minti biyu ne."

Ya rufe murfin kwamfutar, ya danna ta a hammata. A daidai lokacin wayar Nas ta yi ƙara, ana nemanta a asibiti maza. Ta tsaya ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje ta ce, "Baban yara, ka yi mini alkawari ɗaya. Kafin ka taɓa komai, ka yi kwafin littafin."

"Kwafi ɗaya? Bakwai zan yi miki."

Alkawari kam ya cika shi, ba za a ci haƙƙinsa ba. Yana zama a shago ya yi kwafi bakwai, ya sa musu suna Littafi Ɗaya, Littafi Biyu, har zuwa Littafi Na Gaske da Littafi Na Gaske Sosai. Sai dai duk bakwai ɗin a cikin ita wannan tsohuwar ma'ajiyar ya jera su, kamar mai tsoron gobara da ya raba kayansa kashi bakwai ya ajiye a ɗaki ɗaya. Da ya gama ya kira Baba Malam a waya ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ranar Asabar ya zo da mai ɗab'i shago ya ga aiki. Tsoho ya ce, "To, ɗana, Allah ya taimaka. Amma ka san duk abin da na mallaka ke nan a hannunka." Injiniya ya ce ai shi ya sa bai bar wa yara ba.

Kafin azahar ya yage kwalin caja ya rubuta da manyan baƙaƙe: ASIBITIN KWAMFUTA, TSOHUWAR MA'AJIYA TA KOMA SABUWA CIKIN KWANA UKU. Ya rataya a saman ƙofa, ya ɗan karkatar da shi yadda zai fuskanci shagon Mai Gyara.

Ranar Laraba aka fara magani da caji. Ya jona kwamfuta tun buɗe shago, bayan kowane minti goma ya leƙa, lamba tana nan a shida kamar an kafa ta da ƙusa. Ya yi nazari ya gano matsalar: wutar layin ce ake rabawa da yawa, ba ta isowa wurinsa da ƙarfi. Ya bi shago-shago yana roƙon kowa ya kashe kayansa na awa ɗaya. Tela ya ce yana da ɗinkin gaggawa. Maman Kanti ta ce in ta kashe firiza shi zai sha ƙanƙarar da ta narke? Mai aski ko kallonsa bai yi ba. Injiniya ya zagaya baya inda akwatin wuta yake, ya zare fis ɗin kowa ya bar nasa.

Keken Tela ya tsaya a tsakiyar wuyan riga. Injin aski ya mutu a tsakiyar kan wani ƙaton direba, rabi tas rabi daji. Direban ya fito da tsumman aski a wuya yana tambayar wane ne, yatsu wajen goma suka nuna masa shago ɗaya.

"Kai ne ka kashe wuta?"

"Ba kashewa na yi ba, tattarawa na yi."

"To tattara mini sauran gashin kaina, fasinja na jira!"

Da ƙyar Tela ya shiga tsakani. Aka mayar da fis, Injiniya ya koma ya leƙa kwamfuta, lamba shida. Ya ce wa Tela, "Ka gani ko? Ba ta sauka ba. Na tsayar da cutar."

Ranar Alhamis ya wayi gari da sabon ilimi: zafi ne ke tsofar da ƙarfe. Ya kwance bayan kwamfutar ya ciro ma'ajiyar, 'yar aba ce da ba ta kai tafin hannu ba, ya ƙulle ta a baƙar leda. Ya faki idon Maman Kanti tana ba wani canji, ya cusa ledar cikin firiza tsakanin ledojin ƙanƙara. Ya koma benci ya harɗe ƙafa yana ba wani mai sayen caja labarin yadda ake yi a ƙasashen sanyi.

Bayan awa biyu ya je ɗauka, leda ta ce ɗauke ni inda ka ajiye.

"Mama, wa ya sayi ƙanƙara yanzu?"

"Mutum nawa zan ƙirga maka? Me ka sa mini a firiza?"

"Mara lafiya."

"Mara me? La'ilaha! Fita mini daga kanti!"

Daga bakin ƙofa ta jefo masa cewa wani direba ya cika kular lemonsa da ƙanƙara yanzun nan. Injiniya ya zuba da gudu cikin tasha, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana buɗe kular mutane ba sallama. Ta farko kifi, ta biyu maganin allura, mai ita ya rufe masa murfi a yatsa. Ta uku tana ƙarƙashin kujerar wata mota da ta riga ta tayar, kuma da direban ya leƙo ta taga sai ga mutumin jiya, kai ya sha aski tas yana ƙyalli.

"Kai ne kuma?"

"Ranka ya daɗe, littafin surukina ne a cikin lemonka."

Direban ya dube shi, ya dubi fasinjoji, ya ce a ba shi kular kawai ya duba, irin wannan ba a jayayya da su. Aka samu ledar a ƙasa tana iyo cikin ruwan ƙanƙara. Injiniya ya kawo ta shagon aski ya roƙi na'urar busar da gashi, ya yi ta hura mata iska yana juya ta kamar mai gasa nama. Ya mayar da ita cikin kwamfuta, ya rufe ido ya kunna. Da yake Allah ba ya barin wawa don wautarsa, ta tashi. Lamba shida.

Wani da ya tsallake wannan rijiyar da sai ya kai kwamfutar ƙofa ta uku ya ba da haƙuri. Shi kuwa ƙirjinsa ne ya ƙara faɗi. Ya tara Tela da mai aski ya ce musu yanzu ya gano asalin ciwon. "Ƙarfen da ba ya aiki shi ke tsatsa. Shekara bakwai tsoho yana mata tafiyar hawainiya da yatsa biyu, dole jininta ya daskare. Motsa jiki take buƙata."

Ya je wurin mai tura finafinai ya ciko wata ma'ajiyar aro da fim ɗari biyu. Ya loda su cikin tsohuwar, ya goge, ya sake lodawa, ya sake gogewa. Da hannunsa ya gaji, mai tura finafinai ya nuna masa dabarar da kwamfuta za ta riƙa yin haka da kanta ba tsayawa. Mai aski ya kai labari ƙofa ta uku, Mai Gyara ta fito da gudu da abin kwance noti a hannu.

"Yallaɓai, don girman Allah ka tsayar da abin nan! Shi ne fa ainihin abin da ke kashe ta!"

"Ƙanwata, in kina son koyo ki ɗauko kujera. In kuma kasuwa kike ji wa tsoro, layin ya ishe mu."

"Ka kwashe littafin dai?"

"Kwafi bakwai."

Ta ɗan sauke ajiyar zuciya, kafin ta ƙara tambaya wani ya kira ta a shago, ta tafi tana waiwaye.

Ranar Juma'a da hantsi Tela ya leƙo ta kafaɗar Injiniya, allura a baki, ya ce, "Af! Biyar."

"Me?"

"Lambar taka. Jiya shida, yau biyar. Ba hawa ka ce za ta yi ba?"

Gumi ya tsatso wa Injiniya a goshi. Mai aski ya matso, Maman Kanti ta matso, har da mai sayen rigar waya da ba ruwansa. Ana tsaye a wurin lamba ta koma huɗu. Injiniya ya yi gyaran murya sau biyu, kansa yana lalube, sai ya cafko wani abu.

"Ku tsaya in tambaye ku. In zazzaɓi ya kama mutum, aka sa masa ma'aunin zafi a hammata, lambar hawa ake so ta yi ko sauka?"

Maman Kanti ta ce, "Sauka mana."

"To! Ni mijin nas ne. Wannan lambar ciwo ce, ba ta lafiya ba. Yarinyar can ce ta karanta ta a juye. Ran da ta kai sifili, ranar ta warke."

Tela ya cire allura daga baki ya ce, "Kai, kuma fa da alamar gaskiya." Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ya haɗu da mai gyaɗa kai kuwa sai ya zama sarƙa. Kafin la'asar Injiniya da kansa ya yarda da ƙaryar da ya ƙera da hantsi. Ya riƙa shelanta kowace sauka da tafi, uku, biyu, da ta kai ɗaya sai ya tsayar da motsa jikin, ya ce sauran sai gobe a gaban jama'a, don gani ya kori ji. Da yamma a gida Nas ta tambaye shi ya aiki, ya ce mara lafiya ta kusa sallama. Ta tambayi kwafi, ya ɗaga mata yatsu bakwai, ta ce Allah ya yi masa albarka, ta ƙara masa nama.

Ranar Asabar aka jera benci uku a ƙofar shago. Injiniya ya sa kwat a cikin wannan rana, ya ɗora kwamfuta a kan tebur da aka shimfiɗa wa yadin Tela. Nas ta zo riƙe da hannun Baba Malam, ya sha farar rigarsa ta zuwa taro, tabarau a hanci, fuskar nan fal murna. Mai ɗab'i ya zo da jakarsa yana duba agogo. Direbobi da 'yan kamasho da masu jiran mota suka cika sauran wurin, don abin kallo na kyauta ba ya rasa jama'a.

Injiniya ya yi jawabi. Ya ce yau za a rufe babin cire-ka-sa-sabuwa a wannan layi. Ya ce akwai waɗanda takarda kawai suke da ita, akwai kuma waɗanda aka haifa da abin a jini. Sannan ya danna maɓalli, finafinai suka ci gaba da shiga suna fita. Aka zuba ido. Minti ashirin, lamba ɗaya. Minti arba'in, lamba ɗaya. Wani ɗan kamasho ya ce ko a tura ta ne kamar mota. Mai ɗab'i ya ce shi dai a ba shi littafin ya tafi, Injiniya ya ce ba a sallamar mara lafiya ana tsakiyar tiyata.

Mai Gyara ta kasa daurewa. Ta ratso jama'a ta durƙusa gaban tsoho ta ce, "Baba, ka hana shi. Wallahi in lambar nan ta kai sifili ƙarewa ce."

Baba Malam ya ce, "Sifili kam na san shi, 'yata, shekara talatin da biyar muna tare, ban taɓa ganin ya zama alheri a takardar yaro ba. Amma ya ce ya yi kwafi bakwai."

"A ina ya ajiye su?"

"Sifili!" Tela ya ƙwala ihu. "Wallahi sifili!"

Wuri ya kaure da tafi. Wani direba ya danna hon. Injiniya ya ɗaga hannu biyu sama yana juyawa hagu da dama, ya ce yanzu zai kashe ta ya kunna domin ta farka da sabon jini. Ya kashe. Ya kunna. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi, sai wani ɗan farin layin rubutu a can ƙurya.

Ya ce, "Tana miƙa ne." Ya sake kashewa ya kunna. Layin ya dawo.

Ya hura mata iska ta gefe. Ya ɗaga ta ya kara a kunne. Ya ɗan mare ta a baya, ya ƙara mari mai ƙarfi. Mai aski ya ce ko a mayar da ita firiza ne, Maman Kanti ta ce wanda ya ƙara kusantar firizarta sai ya kwana a ciki. Dariya ta fara tashi daga bencin baya.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta ce, "Baban yara, bar ta haka. Ɗauko ɗaya daga cikin bakwai ɗin a ba mai ɗab'i."

"Suna nan lafiya lau."

"Na sani. Ina suke?"

Injiniya ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, ya dubi tebur. A hankali yatsansa ya ɗago da kansa ya nuna kwamfutar.

"Duka bakwai?"

"Har da Na Gaske Sosai," in ji shi, da wata 'yar murya da ba a san yana da ita ba.

Dariyar ta mutu. Baba Malam ya cire tabarau ya riƙe. Injiniya ya ga yatsu biyun nan da suka yi shekara bakwai suna bugawa sun kwanta a kan gwiwar tsoho, sai tsoro da kunya suka rufe shi lokaci guda, irin waɗanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Da zagi tsohon ya yi da ya fi masa sauƙi.

Mai Gyara ba ta ce na faɗa maka ba, kuma wannan ma ya ƙara masa ciwo. Ta ɗauki kwamfutar ta ce, "Baba, ba zan yi maka alkawari ba. Wasu in sun ƙare sukan kulle kansu su bari a ɗan karanta abin da ke ciki, wasu kuma shiru ke nan har abada. Mu gwada." Jama'a suka ɗauki benci suka koma ƙofa ta uku, aka bar Asibitin Kwamfuta babu ko kaza. Ta ciro ma'ajiyar ta jona da tata na'urar. Injiniya ya leƙo daga baya ya ce ko ta ɗan girgiza ta, Nas ta waiwayo ta ce, "Baban yara, don Allah don Annabi ka yi mana shiru," ya yi.

Aka fi awa ɗaya. Sai Mai Gyara ta ce, "Ga wani abu ya buɗe." Tela ya sa kai ya karanta shafin farko da ƙarfi: Lissafi Ba Bulala, hanyar koyar da yaro cikin haƙuri. Ta riƙa sauka tana ƙirgawa, babi na ɗaya, na biyu, har na tara. Daga nan sai tarkacen alamomi marasa ma'ana. Ta gwada sau uku, a na huɗu ma'ajiyar ta ɗauke gaba ɗaya. Babi tara sun tsira, uku na ƙarshe sun tafi, aikin shekara biyu cur.

Injiniya ya ɗan farfaɗo ya ce, "To kun gani, in ba don kwafi bakwai ɗin nan ba..."

"Na asalin ne ya buɗe, Yallaɓai. Naka ko ɗaya bai motsa ba."

Baba Malam ya goge ido da bakin riga, ya mayar da tabarau. Ya sa wa Mai Gyara albarka, ya ce ta sa sabuwar ma'ajiya yau, ta kuma ajiye kwafi a wurinta, wani a wurin Nas. Sannan ya ce, "Babi ukun suna nan a kaina, na kashi cikin ɗari da 'yan'uwansa. Sai dai ido ya tafi, yatsu sun gaji. Sai an samu mai buga mini ina faɗa." Ya juya a hankali ya sauke tabarau a kan surukinsa. "Kullum bayan la'asar, ɗana, har mu gama."

"Ai Baba ka zo gidan sauƙi, ni da nake buga kalma ɗari a minti..."

"Ba bugun kaɗai ba. Na daɗe ina neman ɗalibin da zan gwada littafin nan a kansa, wanda in ya gane to babu yaron da ba zai gane ba. Ashe 'yata ce ke dafa masa abinci. Zauna."

Injiniya ya zauna a ƙarshen benci da kwat ɗinsa, gwiwa a haɗe, direbobi sun kewaye shi. Tsoho ya karɓi allin Tela, ya zana ɗan murabba'i a jikin ƙofa, muryarsa ta koma irin ta aji, mai taushi.

"Ga sabulu. Mutum yana wanka da shi kullum har ya rage ɗan ƙanƙani, kashi shida cikin ɗari. Sai ya shiga wanka sau ɗari biyu a yini ɗaya. Sabulun nan ƙaruwa zai yi ko raguwa? Kada ka yi sauri, yi tunani."

Injiniya ya yi tunani. Ya dubi sama, ya ƙirga wani abu a yatsu, ya gyara wuyan kwat.

"To Baba, ai ya danganta da irin sabulun."

Baba Malam ya daɗe yana kallonsa. Ya ajiye alli, ya ja dogon numfashi, ya kira mai ɗab'i da ya riga ya rataya jaka zai tafi.

"Ɗana, kada ka buga bangon tukuna. Wataƙila mu sake wa littafin suna."